Maki ɗaya a Sidni: Rulon Gardner ya ci Karelin ne, ko doka ce ta ba shi?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na sake kallon karawar ƙarshe ta ajin kilo 130 a gasar Olamfik ta Sidni, wadda aka yi ranar 27 ga Satumba, 2000, kuma har yanzu tsikar jikina na tashi. Ga wanda bai san labarin ba: a gefe guda akwai Aleksandr Karelin na Rasha, mutumin da ya shekara 13 ba a taɓa cin sa a gasar ƙasa da ƙasa ba, shekara shida na ƙarshe ma ko maki ɗaya ba a ci a kansa ba. Zinaren Olamfik uku a hannunsa, 1988 da 1992 da 1996, ga kambun duniya tara. A ɗaya gefen kuma wani Ba'amurke mai suna Rulon Gardner, ɗan masu kiwon shanun madara daga ƙauyen Afton a jihar Wyoming, wanda mafi girman abin da ya taɓa yi a gasar duniya shi ne zuwa na biyar. Aka tashi 1 da 0, ɗan makiyaya ya ɗauki zinare. Ni a wurina, tun da nake bin kokawa ban ga nasarar da ta kai wannan ba. Ina so in ji ta bakinku.

Ɗan Dosso: Wa alaikumus salam Malam. Ka gafarce ni, amma ni ban yarda ba. Na ga bidiyon nan ba sau ɗaya ba. Ina kayen? Bayan Karelin bai taɓa ƙasa ba, ko tangaɗi bai yi ba. Hannunsa ne kawai ya ɗan saki, alƙalai suka je suka leƙa bidiyo suka ce maki ɗaya. Mu da muka tashi muna kallon Takobi, gasar kokawar gargajiya ta ƙasar Nijar, in ba a ga mutum a ƙasa ba, ba a ce an kada shi. Wannan kyautar doka ce.

Sadik: Yayyena ku yi haƙuri, ni sabo ne a nan. Wannan kokawar ita ce irin ta WWE da muke gani a gidan kallo?

Malam Habu: A'a ƙanena, hanyar jirgi daban ta mota daban. Waccan wasa ne da aka tsara don nishaɗi, an san wanda zai ci tun kafin a hau. Wannan ita ce ta makarantu da jami'o'i da Olamfik, babu duka, babu kujera, babu igiya. Iri biyu ce a Olamfik. Akwai wadda aka yarda ka kama ƙafa ka yi taɗiya, akwai kuma Gireko-Roman, wadda Gardner ya yi, inda daga ƙugu zuwa sama kawai ake kamawa, ƙafa haramun ce. Kurt Angle da kuka sani a WWE, kafin ya shiga can sai da ya ci zinare na gaske a Olamfik ta Atlanta a 1996, a wadda ake kama ƙafa.

Ɗan Dosso kuwa, bari in zayyana yadda dokar take a lokacin, sai mu yi gardamar a kan sani. Zagaye biyu ne, kowanne minti uku. In aka gama na farko babu wanda ya ci maki, sai a haɗa su ƙirji da ƙirji, kowa ya zagaya hannuwansa a bayan ɗan'uwansa ya sarƙe yatsu. Wanda ya fara sakin hannu ba tare da ya yi jifa ba, an ci shi maki ɗaya. Karelin ne ya saki. Da yake kuma sai an kai maki uku ake tashi, aka ƙara musu minti uku, jimilla minti tara. Duka biyun sun san dokar kafin su taka shimfiɗa.

Ɗan Dosso: Sanin doka daban, cin kokowa daban, Malam. Kuma ai sabuwar doka ce, daga baya ma sun sauya ta. Da mai kyau ce da ba a taɓa ta ba.

Injiniya Bashir: Ina bayan Ɗan Dosso, ko da yake ta wata fuskar. Na yi karatu a Rasha shekara shida, kuma na ga yadda mutanen can suke ɗaukar Karelin. A zauren motsa jikin jami'armu hotonsa ne a bango, yana ɗauke da wani ƙato a sama kamar buhun gero. Mutumin Novosibirsk ne, can cikin Saiberiya. Abin da ya yi suna da shi shi ne ɗaga mutum daga kwance: kana kife rub da ciki, ka manne da ƙasa, zai durƙusa a gefenka ya zura hannu ƙarƙashin cikinka, ya miƙe da kai, ya jefa ka ta bayansa ka sauka a kan wuya. Maki biyar ne nan take. Kafin shi, ƙananan 'yan kokawa ne ke yin wannan, ba wanda ya zaci za a yi wa mai kilo 130. A 1996 tsokar ƙirjinsa ta yage a gasar Turai, duk da haka ya ci gasar, ya je Atlanta bayan 'yan watanni ya ci Matt Ghaffari na Amurka 1 da 0. A Sidni ya cika shekara 33, jiki ya sha wuya, kuma tun 1999 an zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Rasha, wato Duma. Gardner ya tarar da zaki da yamma ne. Shi kansa ai sun haɗu a gasar duniya ta 1997, Karelin ya ci shi 5 da 0.

Baba Ilu: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, don ni na yi abin nan da jikina. Shekara goma sha ɗaya ina shiga fage bayan kaka, daga garinmu har ƙauyukan da ke kewaye. Ɗan Dosso, abin da kake kira ba komai ba, shi ne komai.

Akwai wani da muke karawa da shi a lokacin, Allah ya jiƙansa, manomi ne, ba shi da wani salo. Ba ya taɗiya mai kyau, ba ya da sauri. Amma in ya rungume ka, sai ka ji kamar kututturen kuka ka kama. Ka ja, ba ya zuwa. Ka tura, ba ya tafiya. Kana nan kana neman dabara, makaɗa na zuga ka, sai ka ji yatsunka sun fara mutuwa, gumi ya sa tafin hannunka na zamewa, numfashinka na fita ta baki, shi kuwa nasa yana nan lafiya lau a kan kafaɗarka, kana jin ɗuminsa. Wallahi a wannan lokacin an riga an ci ka, faɗuwar cikawa ce kawai. Hannun ɗan kokawa ba ya sakin kansa haka nan. Sa shi ake yi ya saki.

Jikana ya nuna mini bidiyon nan a waya. Ku dubi inda alƙali ya sa Ba'amurken ya kwanta, ya ba Baturen Rasha damar ɗaga shi, ba sau ɗaya ba. Ya zura hannu, ya yunƙura, jijiyar wuyansa ta tashi, yaron nan ya baje kamar an dasa shi. Mutumin da ya ɗaga duniya duka ya kasa ɗaga shi. In wannan ba kokawa ba ce, to ban san me na yi shekara goma sha ɗaya ina yi ba.

Malam Habu: Allah ya ƙara girma Baba. Ka faɗi abin da na kasa faɗa. Kuma Injiniya, cin da aka yi masa a 1997 ɗin nan ni hujjata ce, ba taka ba. An ɗaga shi an buga da ƙasa a wancan karon, ya san ɗanɗanon abin, ya koma gida ya shekara uku yana shirin kada a sake. Mafi yawan masu karawa da Karelin tun a ɗakin sauya kaya gabansu ke faɗuwa, wasu har juyawa suke yi da kansu don kada a jefa su. Faɗuwar gaba asarar namiji. Shi bai ji tsoro ba, ya yi ta tura ƙirji yana matsa masa har ya gaji.

Wannan numfashin kuwa daga gona ya samo shi. An haife shi ranar 16 ga Agusta, 1971, shi ne auta cikin 'ya'ya tara. Kwarin da suke zaune, Star Valley, wuri ne mai tudu da sanyi mai tsanani. Tatsar shanu safe da yamma, ɗaukar dammunan ciyawa, jan bututun ban-ruwa daga wannan fage zuwa wancan, kuma saniya ba ta san ranar hutu ba. Duk wanda ya yi kiwo a cikinmu ya san abin da nake nufi.

Anti Rabi: Ni ba kokawar ce ta ja ni ba, yarintarsa ce. Malamar firamare ce ni, shekara 19 ke nan. Gardner ya taso da matsalar koyon karatu, yana baya a aji, ga shi ƙato, yara na yi masa dariya. Yana ɗan shekara takwas yayansa Ronald ya rasu da ciwon jini. Aka nuna masa cewa jami'a ba tasa ba ce. Ya fara da ƙaramar kwaleji, Ricks College a jihar Idaho, ya ci gasar ƙasa ta irin waɗannan kwalejoji a 1991, daga nan Jami'ar Nebraska ta ɗauke shi, ya zo na huɗu a gasar jami'o'in Amurka a 1993. Digirin da ake yi a shekara huɗu, shi sai da ya haura shekara shida, amma ya gama, a fannin koyar da motsa jiki.

Ina da irinsa a ajina yanzu haka. Yaro ne babba, yana zama a bencin baya, in na ce ya karanta sai ya sunkuyar da kai yana murza gefen littafi har takardar ta yi laushi. Amma ranar da aka kawo sababbin bencina, shi kaɗai ya riƙa ɗaukar ɗaya, sauran sai su uku. Abin da ke ci mini rai shi ne, a can makarantar sakandare tana da ƙungiyar kokawa da koci da gasar jiha, yaro irin wannan yana da ƙofar da zai bi har jami'a. Nawa yaron fa, wace ƙofa na tanadar masa?

Injiniya Bashir: Anti, wannan tambayar ta fi ƙarfin zauren nan. Gaskiya ne, tsarin makarantunsu shi ne sirrin. Amma ku lura, kokawar makarantun Amurka ana kama ƙafa, ba Gireko-Roman ba ce. Sai bayan jami'a Gardner ya koma Gireko gadan-gadan, alhali yaran Rasha tun suna ƙanana suke cikinta. Shi ya sa Amurkawa ba su cika yin abin kirki a wannan fannin ba. Kafin shi mutum biyu ne kacal suka ci musu zinare, Steve Fraser da Jeff Blatnick, duka a Los Angeles a 1984, gasar da Tarayyar Sobiyat ta ƙaurace wa. Wannan na ba shi.

Ɗan Dosso: To in gwani ne na gaske, me ya yi bayan nan? Ko makaho yakan tsinci kuɗi rana ɗaya.

Malam Habu: Madalla da wannan tambaya. A shekarar da ta biyo, 2001, ya je gasar duniya a Patras ta ƙasar Girka ya ci zinare, ya doke Mihály Deák-Bárdos na Hangari a karawar ƙarshe. Shi ne Ba'amurke na farko da ya haɗa zinaren Olamfik da na duniya a Gireko-Roman. Tsintuwa ba ta maimaita kanta haka.

Sai kuma Fabrairun 2002. Ya fita da abokai a kan babur ɗin da ake hawa bisa ƙanƙara, a duwatsun yankinsu, ya rabu da su, ya faɗa cikin kogi ya jiƙe, dare ya same shi shi kaɗai. Sanyin daren ya kai wajen digiri 30 ƙasa da sifili. Kusan sa'a 18 ya yi kafin jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi. Sanyi ya kashe masa yatsun ƙafa, likitoci suka ceto sauran, amma sai da aka yanke na tsakiya a ƙafar dama.

Injiniya Bashir: Wanda bai taɓa shiga irin sanyin nan ba ba zai gane ba. Na taɓa tsayuwar jiran mota minti 40 a digiri 25 ƙasa da sifili, da busassun kaya da takalmi mai gashi a ciki. Gashin hancina ya daskare, na daina jin yatsuna, da na shiga ɗaki suka fara dawowa sai da na yi hawaye don zafi, kamar ana soka allura. Shi kuwa a jiƙe, dare guda cur. Abin da ke kashe mutane shi ne barcin da ke zuwa da daɗi. Kwanansa ne ke gaba.

Baba Ilu: Kuma ɗan kokawa da yatsun ƙafa yake tsayuwa. Su ke riƙe ƙasa. Ya sake shiga fage bayan wannan?

Malam Habu: Ya sake, Baba. A 2004 ma mota ta buge shi yana kan babur, sannan ya goce wuyan hannu wajen wasan ƙwallon kwando, duk a 'yan watanni kafin gasar tantancewa. Ya ci tantancewar, ya tafi Olamfik ta Atens. Lokacin an rage ajin zuwa kilo 120. Georgiy Tsurtsumia na Kazakistan ya cire shi a kusa da na ƙarshe, ya dawo ya doke Sajjad Barzi na Iran ya ɗauki tagulla. Yana gamawa ya zauna a tsakiyar shimfiɗa, ya kwance igiyar takalmansa, ya ajiye su nan, ya tashi yana kuka. Al'adarsu ce, alamar mutum ya yi sallama da fage. Haka Mijaín López na Kiyuba ya yi a Paris a 2024 bayan zinarensa na biyar a jere.

Maman Ihsan: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Malam, ka faɗi rabin mai daɗi, a faɗi sauran. A Fabrairun 2007 ƙaramin jirgin sama da yake ciki da wasu mutum biyu ya faɗa tafkin Powell, suka yi iyo fiye da sa'a guda a ruwan sanyi, suka kwana a bakin gaɓa sai da safe masunta suka gan su. Wannan ƙaddara ce, Allah ya kiyaye. Amma bayan ya bar kokawa jikinsa ya ƙwace masa, har ya kai kilo 215, ya shiga wani shirin talabijin na rage ƙiba a 2011. A 2012 ya yi niyyar komawa Olamfik, nauyi ya hana shi ko shiga tantancewa. A shekarar kuma ya je kotu ya bayyana cewa ya karye, bashi kusan dala miliyan uku, bayan harkokin kasuwanci da zuba jari sun rushe masa.

Ba don in ci mutuncinsa na kawo wannan ba, tausayi yake ba ni. Mutum tun yana yaro an saba masa da ci kamar na mutum uku saboda aikin gona da atisaye suna ƙonewa. Rana ɗaya atisaye ya tsaya, cikin bai tsaya ba. Ga suna ya zo dare ɗaya, ɗan ƙauye, kowa na kawo masa takarda ya sa hannu. Mijina ya buga ƙwallo a matakin jiha, na ga yadda shekara biyu na farko bayan ya daina suka yi masa. Da asuba zai farka ya zauna bakin gado, babu inda za shi.

Baba Ilu: 'Yata, kin taɓo inda ke ciwo. Ranar da ganga ta daina kiran sunanka, ita ce ranar da ake gane ka. Ni Allah ya taimake ni ina da gona.

Malam Habu: Gaskiya ne Maman Ihsan, ban ɓoye don wani abu ba. Abin da ya faranta mini rai shi ne daga baya ya koma inda Anti Rabi ke magana, ya zama kocin kokawa a wata makarantar sakandare a jihar Utah, yana koyar da yara.

Sadik: Yaya Habu, mu fa? Babu ɗan Najeriya a irin wannan?

Malam Habu: Akwai mana. A Sidnin nan dai, Daniel Igali, haifaffen Bayelsa, ya ci zinare a kilo 69 a wadda ake kama ƙafa, sai dai da tutar Kanada, don tun 1994 ya zauna can. Daga baya ya dawo ya shugabanci hukumar kokawa ta Najeriya. A Olamfik ta Tokyo kuma Blessing Oborududu ta kawo azurfa a kilo 68, wata Ba'amurkiya, Tamyra Mensah-Stock, ta ci ta a karawar ƙarshe. Abin da ke damuna shi ne ƙarfin da ke zube a fagagenmu na kaka, daga Sakkwato zuwa Maraɗi, bai cika isa shimfiɗar Olamfik ba.

Ɗan Dosso, ina ka shige? Ka yi shiru. Kuma kada ka manta, ko a Takobi in lokaci ya ƙare babu kaye, da yawan gargaɗi ake raba gardama.

Ɗan Dosso: Ina nan Malam, bidiyon na koma na kalla tun daga farko, ba guntun da ake yawo da shi ba. Maganar gargaɗi gaskiyarka, amma ka san ko a can in aka ci da gargaɗi mutane ba su tashi da daɗin rai. Har gobe ina kan bakana, ba a kada Karelin ba, kuma da a ƙasar fage ne da ganga, da ban san yadda za ta kaya ba.

Sai dai akwai abin da ban lura da shi ba sai yau, don kullum ina tsayawa a wurin makin. Baba, ka sa jikanka ya kai maka can ƙarshen minti na tara. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, alƙali bai busa ba, agogo na tafiya, Karelin ya sauke hannuwansa ya ja baya, ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce ya tsaya. Na mayar da wurin baya sau uku.

Baba Ilu: Na gani tun ranar farko, ɗana. Shi ya sa na sa baki.